Sharhi kan rajistar .ng da .com.ng: abin da wutsiyar adireshi take ƙara wa ɗan kasuwa a binciken Google

Kamfanonin da ke sayar da adireshin intanet a Najeriya suna da magana ɗaya da suke yawan maimaitawa a tallarsu: ka sayi .ng, Google zai ɗaga ka sama idan 'yan Najeriya suka yi bincike. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma rabinta aka faɗa. Wutsiyar adireshi, wato ɗan guntun da ke zuwa a ƙarshen sunan shafi kamar .com ko .ng ko .org, tana gaya wa Google ƙasar da shafin yake nufa. Ba ta gaya masa gari ko unguwa ko layin da shago yake, kuma ba ta sa shafi maras amfani ya zama mai amfani. Wanda ya fahimci wannan iyaka zai ci moriyar kuɗinsa. Wanda bai fahimta ba zai biya, ya zauna jiran kwastomomi, daga baya ya ce an cuce shi, alhali abin da ya saya yana aikinsa daidai.

Wannan sharhi yana duba rajistar .ng a matsayin haja: me ake samu, a ina take da ƙarfi, a ina take gazawa, kuma wane ne ya kamata ya kauce mata.

Abin da ake biya a kansa

Wutsiyar .ng ta Najeriya ce, kuma hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da ita. NiRA ba ta zama a kanti ta sayar wa mutum ɗaya-ɗaya. Tana tantance kamfanonin rajista ta ba su izini, su kuma su sayar wa jama'a. Web4Africa da QServers da Whogohost na cikin sanannun da suka daɗe a wannan harka, kuma cikakken jerin waɗanda ke da izini yana kan shafin hukumar, nira.org.ng. Kafin ka tura wa kowa kuɗi ka duba wannan jerin. Akwai masu sayarwa a ƙarƙashin wasu, kuma hakan ba laifi ba ne, amma ya kamata ka san wane kamfani ne ainihin mai riƙe da rajistarka, domin ranar da matsala ta taso shi za a nema.

Kalmar "saye" ma tana ɓatar da mutane. Haya ce ta shekara-shekara. Idan ka daina biya, sunan zai fita daga hannunka.

Iyalan .ng suna da yawa. Akwai .ng kai-tsaye, kamar jiji.ng. Akwai .com.ng na 'yan kasuwa, kamar jumia.com.ng, da .org.ng na ƙungiyoyi, da .name.ng na mutum shi kaɗai. Akwai kuma waɗanda aka killace, ba a ba kowa sai da takardu: .gov.ng na hukumomin gwamnati, .edu.ng na manyan makarantu irin su buk.edu.ng da abu.edu.ng, .sch.ng na firamare da sakandare, .mil.ng na soja. A wajen Google, .ng da .com.ng abu ɗaya suke faɗa: wannan shafin na Najeriya ne. Bambancinsu a farashi yake da gajarta. .ng kai-tsaye ya fi .com.ng tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙarin kuɗin ba ya sayo ƙarin matsayi ko da taki ɗaya. Abin da yake sayowa shi ne suna gajere mai sauƙin faɗa a rediyo da sauƙin rubutawa a jikin allon shago ko a jikin Keke Napep. Idan kuɗi sun yi ƙaranci, .com.ng ya wadatar.

Inda .ng ya fi burge mu shi ne wajen biya. Da naira ake biya, ta hanyar tura kuɗi daga banki ko da katin gida. Shi kuwa .com, kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da shi, kuma farashin sarinsa ya kai dala 10.26 a Satumban 2024, kafin kamfanin rajista ya ɗora ribarsa. Ko da ka saye shi a hannun kamfanin Najeriya da naira, tushen farashin dala ne, duk lokacin da naira ta faɗi kuɗin sabuntawa zai tashi. Tun daga 2023 da darajar naira ta zube, masu .com sun ji a jikinsu. Waɗanda suka yi rajista kai-tsaye da kamfanonin waje sun gamu da wata matsalar a lokacin da bankuna da yawa suka dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira: ranar sabuntawa ta zo, kati ya ƙi biya, suna ya mutu. Adireshin da ya mutu ba shi da matsayi a kowane bincike, don haka wannan batun biyan kuɗi yana cikin lissafin matsayi, ko da bai yi kama da shi ba.

Yadda Google yake karanta wutsiya

Google ya kasa wutsiyoyi gida biyu. Akwai na ƙasashe, masu haruffa biyu: .ng na Najeriya, .ne na Nijar, .gh na Gana, .cm na Kamaru, .td na Chadi, .sd na Sudan. Akwai na gama-gari da ba su jingina da wata ƙasa ba: .com, .net, .org, .info da sauransu. A takardunsa na masu shafuka, Google ya faɗa a fili cewa wutsiyar ƙasa alama ce mai ƙarfi ta cewa an yi shafin ne domin mutanen wannan ƙasar. Saboda haka idan shafuka biyu suka yi kunnen doki a inganci, mai bincike kuma yana zaune a Kaduna, wanda ke kan .com.ng yana da ɗan rinjaye a kan wanda bai nuna ƙasarsa ba.

Girman rinjayen ne ake yawan zuzutawa. A 2024 Gary Illyes na Google ya yi bayanin cewa tsarinsu yana ba shafin ƙasar mai bincike ɗan fifiko, amma dacewar harshe ta fi wutsiya nauyi: shafin da aka rubuta da harshen da mutum ya yi tambaya da shi yana gaba da wanda wutsiyarsa kawai ta dace. Mai karanta Hausa yana ganin wannan kullum ko da bai lura ba. Ka rubuta tambaya da Hausa a Google, za ka ga bbc.com/hausa da dw.com/ha, waɗanda ke kan .com, har da rfi.fr/ha, wanda ke kan wutsiyar Faransa. Harshe da daɗewa da yardar masu karatu sun rinjayi wutsiya. Haka manyan jaridun Najeriya irin su dailytrust.com da punchng.com da premiumtimesng.com: duk a kan .com suke, kuma babu wanda zai ce Google bai san na Najeriya ba ne. Ya sani daga abin da suke rubutawa, da shafukan da ke nuno su, da mutanen da ke karanta su.

Wanda .ng ya fi yi wa amfani shi ne sabon shafi. Tsohuwar jarida tana da alamomi dubu da ke nuna ƙasarta. Shagon da ya buɗe shafi makon jiya ba shi da ko ɗaya, babu mai nuno shi, babu tarihi. A irin wannan hali wutsiyar ƙasa ita ce alama ta farko da Google zai kama. Wani canji ya ƙara mata daraja: a da, mai .com yana iya shiga Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, ya zaɓi Najeriya a matsayin ƙasar da yake nufa, amma Google ya cire wannan damar a 2022. Yanzu babu maɓallin da mai .com zai danna ya ce shi na Najeriya ne. Dole ya nuna a aikace: farashi da naira, lambar waya mai +234, cikakken adireshin shago a rubuce, sunayen garuruwan da yake kai kaya, da mahaɗai, wato adireshin da ake dannawa a zo shafinka, daga shafukan gida. Mai .com.ng ya samu wannan shaidar tun ranar rajista.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware a nan. Wasu na zaton cewa buɗe google.com.ng ne ke kawo sakamakon Najeriya. Tun Oktoban 2017 Google ya koma duba wurin da mai bincike yake, ba adireshin Google ɗin da ya rubuta ba, kuma a Afrilun 2025 ya sanar da cewa zai riƙa karkatar da waɗannan adiresoshin na ƙasashe zuwa google.com. Wannan canji ya shafi adireshin Google ne shi kansa, bai taɓa yadda ake auna wutsiyar shafinka ba. Amma yana da tasiri wajen gwaji: idan kana son ganin yadda shafinka ke fitowa ga mutumin Yamai, sai ka shiga saitin bincike ka canja yanki zuwa Nijar.

Ba kowace wutsiya mai haruffa biyu ce Google ke ɗauka ta ƙasa ba. .co asalinta ta Kolombiya ce, .tv ta Tubalu, .me ta Montenegro, .io da .ai kuma na wasu ƙananan yankuna, amma da yake duniya ta ɗauke su tana amfani da su ba tare da la'akari da ƙasa ba, Google yana lissafa su cikin na gama-gari. .cm ba ta cikin wannan jerin. Wanda ya ga .com ɗin sunansa ya tafi, ya ɗauki .cm don suna kama, ya gaya wa Google cewa shi ɗan Kamaru ne. Idan a Marwa ko Garwa yake kasuwanci, madalla. Idan a Sakkwato yake, ya harbi ƙafarsa da kansa.

Sababbin wutsiyoyi irin su .shop, .store, .online da .africa kuwa, Google ya fayyace matsayinsu tun Yulin 2015: daidai suke da .com, kuma kalmar da ke cikin wutsiya ba ta ƙara komai ba ta rage komai. .shop ba ya sa shago ya hau. .africa, wanda aka buɗe a 2017, ba ya ba ka fifiko a ƙasashen Afirka. Har wutsiyoyin birane irin su .london ana ɗaukar su na gama-gari ne. Illar waɗannan sababbin a wani wuri take: da yawa ana sayar da su da arha a shekarar farko, sabuntawa kuma ta ninka sau da dama, sannan wasunsu sun cika da shafukan damfara har mutane da matatun imel suna ɗari-ɗari da su.

Taswira wani fage ne daban

Nan ne tallar ta fi yin shiru, kuma nan ne mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa ke buƙatar gaskiya. Idan mutum a Kano ya rubuta "gyaran waya kusa da ni" ko "asibitin haƙori a Tarauni", abin da ke fara fitowa shi ne taswira da wurare uku a ƙarƙashinta. Waɗannan ukun ba daga jerin shafukan intanet ake ɗauko su ba. Daga Google Business Profile suke, wato bayanin shago da mai shi ke yi wa rajista a Google, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business, kuma rajistarsa kyauta ce. Google ya ce abubuwa uku yake aunawa a nan: dacewar sana'arka da abin da aka nema, nisanka da mai nema, da shahararka. Wutsiyar adireshi ba ta cikin ukun. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da ba shi da shafi ko ɗaya yana iya fitowa a sama, maƙwabcinsa mai .ng yana ƙasa.

Don haka mai shago, mai asibiti, mai makaranta ko mai gidan abinci, wanda kwastomominsa da ƙafa suke zuwa, ya fara da wannan kafin ya kashe ko kobo a kan adireshi. Ka rubuta sunan sana'ar yadda yake a jikin allo, ba tare da cusa ƙarin kalmomi ba, domin cusa su yana jawo dakatarwa. Ka zaɓi rukunin sana'a na farko da kyau, shi ya fi komai nauyi wajen dacewa. Ka ja alamar taswira da hannunka har ta sauka a kan ƙofar shagon. A garuruwanmu da lambobin gidaje ba su da tsari, idan ka bar wa Google ya ƙiyasta daga rubutu, sau da yawa a tsakiyar unguwa yake ajiye ka, wani lokaci ma a wata unguwar. Tantancewar da Google ke yi don tabbatar da shagon naka ne yanzu galibi ta bidiyo ce: a nuna titi, a nuna allo, a nuna kana buɗe shagon ko kana da iko da kayan ciki. Bayan haka sai lokutan buɗewa, har da hutun Juma'a da canjin watan azumi, da hotuna na gaskiya, da roƙon kwastomomi su rubuta ra'ayinsu. Sayen ra'ayoyin ƙarya ya saɓa wa dokar Google, kuma ana share su idan an gano.

Shafi yana taimaka wa taswira ta hanya ɗaya mai muhimmanci: idan ka haɗa shi da bayanin shagon, Google yana karanta shi don ƙara fahimtar sana'arka. Sharaɗin shi ne suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a shafi, a taswira, a Facebook da ko'ina. Wannan aikin .com da .com.ng duk suna yin sa daidai wa daida. Waɗanda a da suka dogara da shafin kyauta da Google ke bayarwa a kan business.site su sani an rufe shi a Maris ɗin 2024. Idan har yanzu wannan mahaɗin ne a bayanin shagonka, matacce ne, a canja shi.

Wanda .ng zai takura

Alamar da ke taimaka maka a gida ita ce ke ɗaure ka a waje. Google da kansa ya lissafa wannan cikin illolin wutsiyar ƙasa: ƙasa ɗaya kawai take nufa. Kasuwancin Hausawa kuwa bai taɓa tsayawa a kan iyaka ba. Dillalin hatsi da riɗi a Dawanau, mai shadda da atamfa a Kantin Kwari, mai turare, mai littattafai, mai koyar da karatu ta intanet, duk suna da masu saye a Maraɗi, Damagaram, Yamai, Kumasi, Injamena, har da 'yan uwa mazauna Saudiyya da Ingila. Shafin .com.ng zai buɗe a duk waɗannan wurare, kuma wanda ya nemi sunanka kai-tsaye zai same ka. Amma wanda ya nemi haja ba suna ba, daga wata ƙasa, rinjayen da kake da shi a gida ba zai bi ka can ba.

Manyan kamfanoni suna warware wannan da kuɗi. Jumia tana da jumia.com.ng a Najeriya da jumia.com.gh a Gana. Jiji tana da jiji.ng da jiji.com.gh. Kowane adireshi shafi ne mai zaman kansa, yana tara nasa mahaɗan da nasa suna daga tushe, yana buƙatar masu kula da shi. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya kwaikwayi wannan zai raba ƙarfinsa gida uku, kowanne ya fito da rauni.

Abin da ya fi masa shi ne .com guda ɗaya mai rassa: reshen Hausa a /ha/, na Turanci a /en/, na Faransanci a /fr/ domin Nijar da Chadi da Kamaru. Sai a haɗa rassan da alamar hreflang, wadda ke gaya wa Google cewa wannan shafin da wancan abu ɗaya ne cikin harsuna daban. Lambar Hausa ita ce ha. Idan ana son a ware ƙasa sai a rubuta ha-NG ko ha-NE ko ha-GH, Faransancin Nijar kuma fr-NE. Kurakurai uku ne ke kashe wannan aiki. Na farko, rubuta lambar ƙasa ita kaɗai ba tare da ta harshe ba: wanda ya rubuta haruffan "ne" yana nufin Nijar, ya rubuta lambar harshen Nepal ne. Na biyu, rashin maida martani: idan shafin Hausa ya nuna na Faransanci, dole na Faransancin ya nuno na Hausa, kuma kowanne ya ambaci kansa, in ba haka ba Google yana iya watsar da alamar. Na uku, tilasta wa baƙo wani reshe bisa ƙasar da intanet ɗinsa ya nuna. Manhajar Google da ke zagaya shafuka galibi daga Amurka take shigowa, idan ka karkatar da ita ta dole, ba za ta taɓa ganin sauran rassan ba. A bar wa mutum maɓalli ya zaɓi harshensa.

Ga wanda ke zaune a Nijar ko Gana kuma kasuwarsa ta cikin gida ce, hukuncin .ne da .gh daidai yake da na .ng a wajen Google. Bambancin yana wajen farashi da sauƙin rajista, kuma a nan .ng yana da fa'idar yawan kamfanonin da ke gogayya a kansa.

Zaɓen sunan da kansa

Sunan adireshi na yau da kullum yana ɗaukar haruffan a zuwa z, da lambobi, da ɗan layin tsakiya, har zuwa haruffa 63. Ɗan waƙafin sama na 'ya'ya ko sana'a ba ya shiga ko kaɗan. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, akwai tsarin da ke ba da damar irinsu a wasu wutsiyoyi, amma a kauce musu a adireshi: yawancin mutane ba su da su a allon wayarsu, kuma a wasu manhajoji sunan yana rikiɗewa ya koma wani dogon rubutu mai farawa da xn--. A cikin rubutun shafi kuwa a yi amfani da su yadda ya kamata. Sai dai a duba ma'ana bayan an cire lanƙwasa: ƙasa da kasa, ɓata da bata, ɗaki da daki. A faɗi sunan da baki ga mutum uku, a ce su rubuta. Idan biyu suka yi kuskure, a sake suna.

Cusa kalmomin bincike a suna, irin su sayar-da-shadda-mai-arha-a-kano, tsohuwar dabara ce da Google ya rage wa ƙarfi tun Satumban 2012. Abin da ya saura a cikinta shi ne wahalar faɗa da kamannin damfara. Haka zancen cewa mahaɗi daga .edu.ng ko .gov.ng yana da wata albarka ta musamman saboda wutsiyarsa. Google ya sha musanta wannan. Shafukan jami'o'i suna da nauyi ne saboda daɗewa da yawan masu nuno su.

Idan za a sauya daga .com zuwa .ng

Shawararmu ga mai tsohon .com da ke samun baƙi ita ce ya zauna inda yake. Ribar sauyawa kaɗan ce, haɗarin kuma babba. Ya sayi .com.ng na sunansa don kada wani ya riga shi, ya karkatar da shi zuwa babban shafin da karkatarwa ta dindindin, mai lamba 301. Kada a ɗora kaya iri ɗaya a kan adireshi biyu, domin Google zai zaɓi ɗaya da kansa, kuma ba lallai ya zaɓi wanda kake so ba. A kula da zaɓin da wasu kamfanonin rajista ke bayarwa na turawa tare da ɓoye adireshi, inda ake nuna shafinka a cikin firam alhali tsohon suna na nan a sama. Google ba ya ɗaukar wannan a matsayin ƙaura.

Idan sauyin ya zama dole, ga yadda ake yi. A fara tantance adireshin biyu a Search Console. A fitar da jerin dukkan shafukan tsohon adireshi, a haɗa kowanne da takwaransa a sabon. A sa takardar tsaro ta HTTPS a sabon kafin a buɗe shi, Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, kuma a bar ta tsohon tana aiki, domin idan ta mutu, mai zuwa ta tsohon mahaɗi gargaɗin haɗari zai gani kafin karkatarwar ta yi aiki. Sai a kunna 301 shafi zuwa shafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura komai zuwa shafin farko: Google yana ɗaukar irin wannan tamkar shafukan sun ɓace, darajarsu ta tafi a banza. Bayan haka a yi amfani da kayan sanar da canjin adireshi da ke cikin Search Console, wanda ke aiki na kwana 180, a miƙa sabuwar taswirar shafi, wato jerin dukkan shafukan da ke sabon adireshi, a gyara mahaɗan cikin gida da alamar canonical, wadda ke gaya wa Google ainihin adireshin kowane shafi, don kada su ci gaba da nuna tsohon suna. A canja adireshi a Google Business Profile, Facebook, Instagram da WhatsApp Business. Google ya ce a bar karkatarwar aƙalla shekara ɗaya, mu kuwa muna ganin a ci gaba da biyan kuɗin tsohon sunan muddin ana iyawa. Kada a haɗa ƙaura da sake fasalin shafi a rana ɗaya, domin idan baƙi suka ragu ba za a san wanne ya jawo ba. Tangal-tangal na wasu makonni abu ne da aka saba gani. A tuna da imel: sabon adireshi yana buƙatar nasa bayanan MX da SPF da DKIM, wato saitin da ke kai saƙo wurinka kuma yake tabbatar da cewa daga gare ka saƙo ya fito, in ba haka ba saƙonninka a kwandon shara za su riƙa sauka.

Wurin da sabar take, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, ba shi da nauyin da ake ba shi. Google ya ce idan wutsiyar ƙasa ce, wurin sabar ba ya shiga lissafin ƙasa. Abin da ya dame ka shi ne saurin buɗewa a waya mai ƙaramin data, domin sigar waya ce Google ke dubawa. Hoton shadda mai nauyin megabait 5 ya fi kowace wutsiya korar kwastoma. A matse hotuna su dawo ƙasa da kilobait 200.

Mallaka da sabuntawa

Asarar da ta fi kowace zafi a wannan harka ba daga Google take zuwa ba. Ɗan kasuwa ya ba wani yaro mai haɗa shafuka kuɗi, yaron ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Bayan shekara biyu an saɓa, ko yaron ya canja lamba, sai a tarar a takarda shi ne mai adireshin. Ka buɗe asusun da kanka, da sunanka ko sunan kamfaninka yadda yake a takardar CAC, da imel ɗin da kake buɗewa kullum, kuma kada imel ɗin ya zama na kan adireshin da kake rajista, domin ranar da adireshin ya mutu, saƙon gargaɗin ma ba zai iso ba. Mai haɗa shafi a ba shi damar saita DNS kawai, wato saitin da ke haɗa adireshi da sabar da shafin yake.

Kafin ka biya, ka tambayi kamfanin abu huɗu: nawa ne kuɗin sabuntawa a shekara ta biyu, ba farashin talla ba, shin za ka iya canja bayanan DNS da kanka, shin za su ba ka lambar sirrin ƙaura idan kana son komawa wani kamfani, kuma kwana nawa ne na alfarma bayan wa'adi ya cika, nawa ne kuɗin fansa. A tsarin .com, bayan wa'adi akwai alfarmar da ba ta wuce kwana 45, sai kwana 30 na fansa da tsada, sai kwana 5 kafin a saki sunan ga kowa. Na .ng ka karanta sharuɗɗan kamfaninka, ka rubuta ranar a inda za ka gani. Amma shafin yana iya daina buɗewa tun ranar farko bayan wa'adi ya cika, kuma idan ya daɗe a rufe Google zai fara sauke shi daga sakamako. Biyan shekara biyu ko uku a haɗe ba ya ƙara matsayi, amma yana kare ka daga mantuwa da tashin farashi.

Adireshin kyauta kuwa, darasinsa ya riga ya faru a idon kowa. A 2011 Google ya cire dukkan shafukan da ke ƙarƙashin .co.cc daga bincikensa saboda yawan shara. Freenom, mai raba .tk da .ml da .ga da .cf da .gq kyauta, ya daina karɓar sabuwar rajista a 2023 bayan Meta, mai Facebook, ta kai shi kotu, kuma waɗanda suka gina sana'a a kansu sun koma farawa daga tushe.

Hukuncinmu a kan hajar: ga makaranta, asibiti, ƙungiya, lauya, ko shagon da ke kai kaya cikin Najeriya kawai kuma yanzu yake farawa, .com.ng saye ne mai kyau, mai arha, da naira, kuma yana ba Google alamar ƙasa tun ranar farko. .ng kai-tsaye sai ga wanda gajeren suna zai yi wa aiki a talla. Mai kwastomomi a tsallaken iyaka, da mai rubutun Hausa da ke son a karanta shi daga Agadas har Kumasi, ya ɗauki .com ya mai da shi babban gida, ya sayi .com.ng ya karkatar da shi can. Mai shagon unguwa ya kammala Google Business Profile tukuna, ya tabbatar alamar taswira tana kan ƙofarsa, sannan ya zo maganar wutsiya.